Yadda Kiwo Ke Sauya Ciyayi Da Itatuwa A Dazuzzukan Sahel Da Arewacin Najeriya

Daga gaɓar Tekun Atilantika a Senegal har zuwa Sudan akwai wani dogon zirin ƙasa da ake kira Sahel. Ruwan saman da yake samu a shekara yana tsakanin milimita 200 zuwa 600, kuma kusan dukkansa yakan zuba ne cikin wata uku ko huɗu, sauran watannin kuwa rani ne. Arewacin jihohin Borno da Yobe, da gefen Jigawa da Katsina da Sakkwato da ke kan iyakar Nijar, suna cikin wannan yanki ko a bakinsa. Kudu da su kuma daji ne mai ɗan yalwar ruwa da itatuwa. A irin wannan ƙasa ne akasarin shanu da tumaki da awaki da raƙuman Afirka ta Yamma suke samun abincinsu, ba tare da wani ya shuka musu shi ba.

An daɗe ana ɗora wa waɗannan dabbobi laifin ƙarewar daji da gurgusowar hamada. Binciken da aka gudanar cikin shekara 50 da suka wuce ya nuna cewa zargin yana da tushe a wasu wurare, a wasu kuwa ba shi da shi. Yawan dabbobi yana da tasiri, amma abubuwan da suka fi shi tasiri su ne lokacin da garke ya shiga wuri, da tsawon zaman da ya yi, da kuma ko wurin ya samu hutu bayan tashinsa.

Ciyawa iri biyu ce

Kafin a fahimci abin da kiwo ke yi wa daji, sai an rarrabe tsakanin ciyawar da ke rayuwar damina ɗaya da wadda ke shekaru a raye. Ƙarangiya da burburwa da harƙiya da guɗe-guɗe da kyasuwa duk na rukunin farko ne. Da saukar ruwa suke tsirowa daga irin da ke kwance a ƙasa, su girma, su yi kai, su zubar da sabon iri, sannan su bushe, duk cikin wata biyu zuwa uku. Abin da dabba ke ci da rani daga gare su matacciyar ciyawa ce, wadda ta riga ta gama aikinta. Ko da an cinye ta ƙarƙaf, muddin irin yana cikin ƙasa, wata damina za ta sake fitowa. Lokacin da wannan rukuni ke cikin haɗari shi ne tsakanin tsirowa da nunar iri. Idan garke ya zauna a kanta cikin waɗannan makonni, shekara bayan shekara, irin da ke ajiye a ƙasa yakan yi ta raguwa har ya kasa rufe fili.

Rukuni na biyu shi ne irin su gamba a kan tudu da burgu a fadama. Gamba ba ta mutuwa da rani. Takan ajiye abinci a gindinta da saiwoyinta, ta yi toho tun kafin ruwa ya zauna, wato a daidai lokacin da dabbobi suka fi jin yunwa. Wannan baiwa tata ita ce kuma ke jawo mata wahala. Idon tsiron ciyawa yana can ƙasa kusa da gindi, shi ya sa cizo ɗaya ko biyu ba ya kashe ta, har ma yakan sa ta ƙara 'ya'ya. Amma duk lokacin da aka datse ganyen, daga ajiyarta take ciro ƙarfin sake yin wani, saiwar kuma ta dakata da girma. In aka ci gaba da datsewa ba hutu, saiwa takan gajarta, ta kasa kaiwa ga damshi, sai fari ɗaya ya ƙarasa ta. Haka aka yi asarar gamba a wurare da dama na Sahel a farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985. A ƙauyuka da yawa na kudancin Nijar da arewacin Najeriya, inda aka fi ganin gamba yanzu shi ne iyakar gonaki, inda manomi ke tsaron ta domin zana da jinka.

Baki da kofato da kashi

Ta hanya uku dabba ke taɓa daji, kuma kowace hanya tana da amfaninta da ɓarnarta.

Ta farko ita ce ci. Saniya da harshe take naɗo ciyawa ta fizga, don haka ta fi son mai tsawo, ba ta kuma iya sharewa har ƙasa. Tunkiya takan guntsa da leɓe da haƙora dab da ƙasa, ta tsince ƙananan ganyaye masu daɗi. Akuya ta fi karkata ga ganyen itace, tana miƙewa da ƙafafun baya ta kamo reshe, raƙumi kuma ya ci abin da ya fi ƙarfin akuya. Kowace dabba tana zaɓe, kuma zaɓen nan ne ke sauya fuskar daji sannu a hankali: abin da ake so yana shan cizo kullum, abin da ake ƙi yana samun sarari da ruwa da hasken rana, ya yi iri son ransa.

Masana kiwo suna da ma'aunin da suke lissafi da shi, wato dabba mai nauyin kilo 250, wadda ke bukatar busasshen abinci kilo 6 da kwata a rana, sama da tan 2 ke nan a shekara. Sai dai ba duk ciyawar da daji ya fitar ce ke shiga cikin dabba ba. A lissafin da aka saba yi a Sahel, abin da garke ke iya ci bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Saura gara ce ke cinyewa, ko iska ta kwashe, ko a tattake, ko gobarar daji ta lashe. Wannan batu yana da muhimmanci, domin wanda ya ga fili ƙwal a watan Afrilu yakan ɗauka shanu ne suka cinye komai, alhali ko da an kange wurin, kaso mai yawa na busasshiyar ciyawar ba zai kai damina ba.

Hanya ta biyu ita ce tattaki. A kan jigawa da rani, kofato yana farfasa ɓawon da ruwa ya bari a saman ƙasa, ya binne iri, ya kwantar da busasshiyar ciyawa ta zama rufi. Wannan taimako ne. Amma in tattakin ya yi yawa har rufin ya ƙare, yashi yakan saki, iskar hunturu da guguwar bazara su ɗauke shi. A ƙasa mai laka kuwa ɓarnar da damina take faruwa: nauyin shanu yana danne jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙofofin da ruwa ke bi su toshe, ruwan sama ya riƙa gudu a sama maimakon ya nutse. Ƙarshen wannan shi ne fako, ƙasa mai tauri da sheƙi wadda iri ba ya samun wurin maƙalewa a kanta. Fako ne mafi wuyar gyara cikin duk illolin kiwo, domin ko an ɗauke dabbobin ba ya warkewa da kansa sai an fasa shi da hannu.

Ta uku ita ce kashi da fitsari. Mafi yawan sinadaran da dabba ta ci suna komawa ƙasa ta wannan hanya, buzuzu da gara kuma su shigar da su ciki. Sai dai ba lallai su koma inda aka ci ciyawar ba. Garken da ya wuni a daji ya kwana a mashekari ko a gona, ya kwaso albarkar daji ke nan ya zube ta a wuri guda. A kan wannan ne tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi ta ginu, inda Bafulatani ke sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara da harawa su bar taki, shi kuma a ba shi hatsi ko ruwan rijiya. Gonakin da ke kewaye da Kano, waɗanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana nomawa ba hutu, takin dabbobi yana cikin abubuwan da suka riƙe su.

Alamomin da daji ke nunawa

Makiyayi ba ya bukatar awo kafin ya gane wurin da ya gaji. Da farko ciyawa mai tsawo takan ragu, gajeru masu saurin yin iri su maye gurbinta, tsidau ya shimfiɗu a ƙasa. In matsin ya ci gaba, sai tsirran da dabba ba ta so su mamaye: tafasa, wadda shanu ba su cika taɓa ta tana ɗanya ba, da tumfafiya, da garmani. A jihohin Maraɗi da Doso na Nijar, garmani ya cinye burtali da makiyaya masu yawa, har ya zama abin da hukumomi da ƙungiyoyin makiyaya ke fita gayya domin tumɓuke shi. Irin wannan wuri daga nesa kore ne shar, hoton tauraron ɗan'adam ma zai nuna shi a matsayin daji mai lafiya, amma saniya za ta tsaya a tsakiyarsa da yunwa.

Inda aka fi ganin waɗannan matakai a jere shi ne kewayen mashaya. Dab da rijiya ƙasa takan zama tsirara saboda tattaki, ga taki jibge. Gaba kaɗan sai zoben tsirran da ba a ci, sannan gajerun ciyayi, sai an yi tafiya mai ɗan nisa kafin a iske daji yadda yake. A da, yawancin rijiyoyin daji na hannu ne, ruwansu kaɗan, kuma suna da masu su, saboda haka adadin dabbobin da za su zauna a wurin yana da iyaka. Da aka fara haƙa manyan rijiyoyin burtsatse a yankin Ferlo na Senegal a shekarun 1950, daga baya kuma a Nijar da arewacin Borno, wuraren da a da ake barin su da rani saboda ƙishirwa sai suka zama mazaunin dabbobi na dindindin. Ruwa ya samu, amma hutun da ƙishirwa ke tilasta wa dajin ya tafi.

Itatuwa

Da rani ya yi nisa, sinadarin gina jiki da ke cikin busasshiyar ciyawa yakan faɗi ƙasa da abin da tumbin saniya ke bukata domin narkar da abinci. A nan ne itace ke ceton garke. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, yana ba da ganye da 'ya'ya a lokacin da babu wani kore. Aduwa da magarya da bagaruwa da kalgo da jiga duk abinci ne. Can kudu kuma makiyaya sukan hau madobiya da kawo da maɗaci su sassaro rassa. Sara daidai wa daida ba ya kashe itace, amma wanda ake yi wa aski kowace shekara yakan daina fure da 'ya'ya.

Babbar illar kiwo ga itatuwa ba a kan manya take ba. Tana kan 'yan tsirrai ne, waɗanda awaki da tumaki ke cinyewa kafin su fi ƙarfin baki. Dajin da ke da manyan itatuwa jefi-jefi, babu matasa a ƙarƙashinsu, daji ne da ke tsufa ba magaji, ko da kuwa yau yana da inuwa. Duk da haka, laifin da ake ɗora wa akuya ya fi wanda ta aikata. Sau da yawa gatarin mai itacen girki da na mai gawayi da sassaben sabuwar gona ne suka riga ta, ita kuwa da yake tana iya rayuwa inda saniya ta kasa, ita ake tararwa a wurin. Kuma dabbobin nan su ne ke yaɗa irin itatuwa da yawa: ƙwayar gawo da ta bagaruwa suna da tauri, in suka bi ta cikin dabba suka fito cikin kashi, sun samu sabon wuri da taki a lokaci guda.

Akwai kuma akasin ƙarewar itatuwa. Inda ruwa ya ɗan fi yawa, kiwo mai tsanani yakan cinye ciyawar da wutar daji ke ci, wuta ta yi rauni, ƙananan itatuwa masu ƙaya irin su ɗunɗu su samu damar yin sarƙaƙiya har shanu su kasa ratsawa. Namibiya da yankin Borana na kudancin Habasha suna fama da wannan matsala a fili mai faɗin gaske. Rashin kiwo ma yana da tasa illar. Gambar da ake nema ido rufe a nan, an kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 domin shanu, ta tsere daga gonakin kiwo zuwa dajin da babu mai cin ta, ta yi tsawo da kauri, yanzu gobararta tana ƙone manyan itatuwa, gwamnatin ƙasar kuma ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi.

Ruwa ne ko dabba?

Muhawarar ta girmi ƙasashen yankin. A shekarun 1930 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya zagaya arewacin Najeriya ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu, ya ɗora laifin a kan noma da kiwo da ƙonar daji. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 ba ta samu shaidar cewa hamada na tafiya ba, ko da yake ta ga wuraren da mutane suka lalata. Zancen ya sake tashi a farin shekarun 1970, musamman bayan hoton tauraron ɗan'adam ya nuna gandun kiwo na Ekrafane a Nijar, wanda aka kewaye da waya, yana da duhun ciyawa a tsakiyar ƙasar da ta yi fari fat. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da kiwo ya tsiraita tana mayar da hasken rana sama, abin da ke rage haɗuwar hadari, wato dabbobi na iya jawo fari da kansu.

Bayanan da suka biyo baya sun rage wa wannan ra'ayi ƙarfi. Masana yanayi sun gano cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna ne babban abin da ya haddasa farin Sahel. Nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980 zuwa 1990, wanda Compton Tucker da abokan aikinsa suka wallafa a 1991, ya nuna cewa iyakar ciyayi tana sauka kudu a shekarar fari, ta koma arewa in ruwa ya dawo. A 1988 kuma Jim Ellis da David Swift, bayan dogon aiki a wurin makiyayan Turkana na Kenya, sun bayyana cewa inda ruwan sama ke da tsananin rashin tabbas, fari yakan rage dabbobi tun kafin su yi yawan da za su kashe ciyawa. A irin wannan wuri damina ce ke yanke hukunci. Tun kafin nan, a 1983, masanan Holan biyu, Henk Breman da C. T. de Wit, sun nuna daga aikinsu a Mali cewa garken da ke tafiya tsakanin arewa da kudu yana fitar da abincin gina jiki a kowace hekta fiye da gandayen kiwo na wurare masu irin wannan ƙarancin ruwa a Amurka da Ostareliya.

Wani gwaji da ya daɗe shi ne na Widou Thiengoly a Senegal, wanda aka fara a 1981 da tallafin Jamus. An kange filaye da waya, aka sa wa kowanne ƙayyadadden adadin dabbobi, aka kwatanta da dajin da kowa ke kiwo. A shekarun fari ciyawar cikin shingen ba ta ishi dabbobin ba. A shekarun ruwa kuma ta yi musu yawa, ragowar ta taru ta danne sabon tsiro, wasu ciyayi masu amfani suka ragu. Wannan ya ƙarfafa masu cewa kafaffen adadi bai dace da ƙasar da daminarta ba ta da alkawari ba. Amma da aka haɗa bayanan shekara 27 aka wallafa a 2010, an ga cewa wuraren da suka sha kiwo mai tsanani su ma sun sauya, a nau'in ciyayi da kuma yawan abin da suke fitarwa, sauyin da gajeren nazari ba ya iya gani saboda hawa da saukar damina na rufe shi. Abin da za a iya ɗauka daga nan shi ne, can arewa mai ƙarancin ruwa, dajin ciyawar damina ɗaya yana da juriya ƙwarai. Haɗarin ya fi yawa a kudancin Sahel da dajin da ke biye da shi, inda ruwa ya fi tabbas, dabbobi ke zama duk shekara, ƙasa kuma ta fi saurin yin fako. Mafi yawan makiyayar Najeriya a nan take.

Matsewar fili

A ƙidayar 1963 mutanen Najeriya ba su kai miliyan 56 ba, yau sun haura miliyan 200. Gonaki sun shiga saurukan da a da ake barin su su huta, sun shiga burtali, noman rani kuma ya karɓe fadamun da garke ke dogaro da su a ƙarshen rani. Madatsun ruwa na Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe makiyaya, kuma adadin da hukumomi suka saba ambata shi ne 415, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi wa rajistar doka, da yawa kuma gonaki da gine-gine sun ci su. Ga rashin tsaro da ya hana shiga wasu dazuzzukan Zamfara da Katsina da Borno, ya tura garkuna suka cunkushe a inda ake da sauran kwanciyar hankali. Sakamakon duk wannan a kan ciyayi guda ne: ɗan filin da ya rage yana ɗaukar dabbobi tun daga tsirowar ciyawa har nunar iri, kowace shekara.

Gyara yana yiwuwa, an kuma gani. A jihar Tawa ta Nijar an farfaɗo da fako mai yawa ta hanyar haƙa ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwa, a watsa irin ciyawa a ciki, a hana kiwo damina biyu ko uku, sannan a buɗe bisa ƙa'idar da mutanen wurin suka amince da ita. Inda ba a yi wannan yarjejeniya ba, wurin yakan koma yadda yake cikin 'yan shekaru.

Ta fuskar doka, ƙasashen biyu sun kama hanyoyi daban-daban. Nijar ta shata iyakar noma ta arewa tun 1961, a 2010 kuma ta yi dokar da ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. A Najeriya, jihar Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017, shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa na 2019 ya karkata ga killace dabbobi, a 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Killacewa tana iya yin aiki inda ruwa ya isa a shuka ciyawa a yanka a adana, kamar yadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana gwadawa. A arewacin Yobe da Borno kuwa, inda damina kan cika bana ta gaza baɗi, garken da aka tsare a fili ɗaya sai an sayo masa abinci daga waje a duk shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, in ba haka ba filin ne zai biya.